Jan Biron Sista

Ranar Talata ce, an tashi da yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya zuba da gaske kuma ba ya ɗaukewa, lokacin da Injiniya ya ciro Sista daga kujerar bayan mota ya nufi ɗakinta da ita. Matarsa na biye da lema tana ƙoƙarin rufe su su biyun, ita kuwa ruwan na sauka a kanta. Rashin nauyin tsohuwar ya ba shi tsoro. Batirin babbar mota ya fi ta nauyi. Ƙafafunta ne kawai suka kumbura suka yi sumul, suna reto a gefen hannunsa.

"A hankali, Injiniya," in ji ta. "Ba injin mota ka ɗauko ba."

Shi dai ba injiniya ba ne. Bakanike ne a wani gareji da ke bakin babban titi. Sista ce ta laƙa masa sunan ranar da ya gyara mata fanka, shekara takwas da suka wuce, a makon da suka tare a gidan hayar. Ita ce kuma ta fara kiran matarsa Amarya, sunan ya bi ta har yau. Sauran matan gidan duk da sunan 'ya'yansu ake kiran su, Maman wane da Maman wance. Ita ba a sami abin da za a canza mata da shi ba.

Sista tsohuwar nas ce, ta yi shekara talatin da ɗoriya tana karɓar haihuwa kafin ta yi ritaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ma Allah bai ba ta haihuwa ba. Kwananta goma sha biyu a asibiti. Da za a sallame ta, likita ya ja Injiniya gefe ya ce zuciyar ta gaji, a kai ta gida a ba ta abin da ranta ke so. 'Yar ƙanwarta, wadda ita kaɗai ta rage mata a dangi na kusa, tana aiki a nesa, sai ƙarshen mako za ta samu zuwa. Saboda haka jinyar ta faɗo a kan ɗakin da ke kusa da nata, na Injiniya da Amarya.

Ya kwantar da ita a gadonta na ƙarfe, Amarya ta jera mata filo uku a baya don ta samu numfashi. Komai na ɗakin yana inda ta bar shi: kabad mai gilashi, ƙaramin agogon da takan maƙala a ƙirji lokacin tana aiki, kwalbar man zafi a kan tebur. A bangon da ke gefen gado akwai kalanda, an ɗaure jan biro da zare a jikin ƙusar.

Wannan kalandar ta Amarya ce, ko da yake a ɗakin Sista take. Al'adar Amarya ba ta da tsari, wani lokaci ta zo sau biyu a wata, wani lokaci ta ɓace. Shekara uku da suka wuce ta ɓace har wata biyu, suka ɗauka ciki ne. Sista ta zauna ta saƙa hular jariri da safa. Da aka je asibiti aka duba, aka ce babu komai. Ranar Sista ta fi su kuka, har Amarya ce ta koma rarrashinta. Tun daga nan aka fara zuwa wurin likita, daga baya ya ɗora ta a kan maganin daidaita al'ada: ta sha ƙwaya kwana goma, ta dakata, jini ya zo. Duk ranar da ya zo sai ta leƙa ta ce, "Mama, baƙon ya iso," Sista ta ciro jan biro ta zagaye ranar.

Da yamma, bayan tsohuwar ta samu barci, Amarya ta ja Injiniya ɗakinsu ta tura ƙofa. Ta jawo durowar keken ɗinkinta, ta ɗaga zare da maɓallai, ta ciro wani ƙyalle a ƙulle. Tsinken gwajin ciki ne guda uku a ciki. Kowanne da layi biyu.

Injiniya ya san abin da layi biyu ke nufi, don ya sha sayo tsinken, kuma kullum layi ɗaya yake gani. Ya zauna a bakin gado ba tare da ya yi niyya ba.

"Kar ka yi murna," in ji ta. "Maganin ne."

Ta ce ta gama ƙwayoyin watan jiya, ta jira baƙon bai zo ba, shi ne ta gwada. Amma wata mai kawo mata ɗinki ta gaya mata cewa maganin al'ada yana ruɗa tsinke, ya sa ya nuna ciki alhali babu, haka aka yi wa matar yayanta. Don haka ranar Asabar za ta buɗe sabon kwali ta ci gaba da sha kamar yadda aka tsara mata.

Ya ce su je asibiti gobe a duba. Ta girgiza kai. Ba za ta sake kwanciya a gadon nan a shafa mata abu mai sanyi a mara, a kalli allo a ce babu komai, sannan ta fito ta ratsa layin mata masu ciki ba. Ya ce to a tambayi Sista, ga ta bango ɗaya ya raba su, kuma ita kaɗai ce in ta yi magana Amarya ke yarda.

Nan ta riƙe masa hannu da ƙarfi.

"Ka ji abin da likita ya ce. Kwana nawa ya rage mata? In na nuna mata, murna za ta yi. Ba zan sa ta tafi da ƙarya a zuciyarta ba. Ka rantse ba za ka gaya mata ba."

Ya yi ta kewaye-kewaye, ta ƙi sakin hannun. Ya rantse.

Washegari kafin ya isa gareji ya tsaya a kemis. Sai da ya jira mutane suka ragu, ya sayi maganin ciwon kai da ba ya buƙata, sannan ya yi tambayar a madadin wani abokinsa. Mai kemis ya ce maganin ba ruwansa da tsinke, a kai matar abokin asibiti, kuma kar ta ƙara shan komai sai likita ya gani. Da ya kawo wa Amarya labarin da rana, ko kai ba ta ɗaga daga keken ba. Ta ce mutumin da ke sayar da tsinke ai ba zai ce tsinkensa na ƙarya ba.

Ya koma aiki ransa a jagule. Asabar saura kwana uku. In akwai ɗa a cikin nan, ƙwaya za a ci gaba da zuba masa, ba awo, ba likita. Ya ɗaure kusoshin taya ya kwance ya sake ɗaurewa, har ogansa ya tambaye shi ko lafiya.

Can aka turo wata mota da ta ƙi tashi. Mai ita ya dage batir ne. Injiniya bai yi musu da shi ba, ya yi abin da ya saba yi tun yana koyon aiki: ya cire batirin ya ɗora a wata mota mai lafiya, ya murɗa makulli. Ta tashi nan take. Ya ce wa mutumin batirinsa ƙalau yake, a nemi matsalar a wani wuri. Yana goge hannu da tsumma sai ya tsaya cak, yana kallon batirin.

In ana zargin abu, a ɗora shi a wata mota. In maganin ne ke zana layi na biyu, to duk wanda ya sha zai zana masa.

A hanyar gida ya sayi tsinke biyu. Da Amarya ta shiga yi wa Sista wanka, ya buɗe sabon kwalin ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya kora da ruwa. Ranar Alhamis ya ƙara biyu, safe da yamma, don kar a ce bai kai ba. Da sanyin safiyar Juma'a ya shiga bayi da tsinke a aljihu, ya yi yadda ya ga an zana a jikin takardar, ya tsaya yana kallon agogon wayarsa har minti biyar. Layi ɗaya. Ya gwada na biyun. Layi ɗaya.

Ya same ta tana haɗa shayin Sista, ya ajiye mata tsinken biyu a gefen tire kamar mai kawo takardar shaidar cin jarrabawa. Ta tambaye shi na wace ce. Ya ce nasa ne, ya yi mata bayanin batir.

Ta kalli tsinken, ta kalle shi. Sai dariya ta ƙwace mata, ta dafa bango, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka. Ya tsugunna kusa da ita bai san ko ya yi laifi ko ya yi daidai ba.

"Kai namiji ne," in ji ta tana share ido da gefen zani. "Jikinka da nawa ɗaya ne? Allah ya shirye ka. Uku ka sha?"

Ta shafa kansa, ta ɗauki tiren ta fita. Kwalin maganin yana nan a kan tebur, gobe Asabar.

Ranar bai je gareji ba. Sista ta kwana da nauyin numfashi, shayin ma cokali huɗu ta iya sha. Maganarta ta koma guntu-guntu, sai ta faɗi kalma uku ta huta. Wajen azahar Amarya ta fita wanke zannuwan gado a famfo, ta bar shi ya gyara wa tsohuwar kwanciya. Ya ɗaga ta ya sake jera filon, ya zauna a kujerar roba. Tun safe yake jin kansa na juyawa. Ko ƙwayoyin ne, ko tsoro ne, bai sani ba.

Sista ta buɗe ido ta tambaye shi wa ya sace mata jan biro. Ya nuna mata shi yana rataye a inda yake.

"To me ya sa... ba a taɓa shi ba... tun Mayu?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon siminti. Ta ce ciwo ne ya kwantar da ita, ba makanta ba. Kwana uku ke nan, in Amarya ta buɗe kwalbar man zafi za ta shafa mata a ƙafa, sai ta kawar da fuska ta riƙe numfashi, yarinyar da a da har cewa take tana son ƙamshinsa. Ta tsare shi da ido tana jira.

Ya tuna rantsuwar. Ya yi alkawarin ba zai faɗi komai a kan matarsa ba. Amma bai yi alkawari a kan kansa ba.

"Mama," ya ce da ƙaramar murya, "in namiji ya sha maganin al'ada, me zai same shi?"

"Wane namijin?"

Ya nuna ƙirjinsa da yatsa.

"Guda nawa?"

Ya ɗaga yatsu uku. Ta tambaye shi dalili, ya ce batir ya gwada a wata mota, kuma motar layi ɗaya ta nuna.

Sista ta rufe ido. Ƙirjinta ya fara rawa, ya zabura zai kira Amarya a zaton numfashin ne ya sarƙe. Ashe dariya take. Ba ta da ƙarfin fitar da sauti, sai gadon ƙarfen ne ke ƙara a ƙarƙashinta, hawaye na gangarowa zuwa kunnenta. Da ta samu ta tsagaita ta ce a shekara talatin da uku na aiki ba ta taɓa haɗuwa da irinsa ba. Ba abin da zai same shi, ya sha ruwa da yawa, kuma in ya ƙara taɓa maganin da ba nasa ba za ta tashi daga gadon nan ta mare shi. Sannan ta ce ya kira mata yarinyar.

Amarya ta shigo hannunta da kumfa. Kallo ɗaya ta yi wa mijinta ta gane. Kafin ta buɗe baki Sista ta ce ta ƙyale shi, bai faɗi komai ba, kalanda ce ta yi tsegumi. Ta aike ta ta kawo tsinken. Ta sa aka saka mata tabarau, aka buɗe labule, ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya zuwa haske. Ta tambayi yaushe aka yi kowanne, da safe ne ko da rana. Ta sa aka kawo kwalin maganin ta karanta sunansa.

"An yi miki allura? Irin ta masu neman haihuwa?"

"A'a, Mama. Ƙwayar ce kawai."

"To zauna."

Amarya ta zauna a bakin gadon. Sista ta yi bayanin a hankali, tana hutawa a tsakani, su kuma ba wanda ya katse ta. Ta ce tsinken abu ɗaya yake nema a fitsari, abin da jiki ke fitarwa in ciki ya shiga. Wannan ƙwayar ba ta ɗauke da shi, ko kwali goma aka sha ba za ta zana layi ba. Allurar nan ce takan ruɗa gwaji, don ita tana da shi a ciki, wataƙila ita aka yi wa matar da ake ba da labari. Abin da ƙwayar kan yi shi ne ta rikita lissafin kwanaki, mace ta gwada da wuri ta ga layi ɗaya alhali akwai. Wadda ta riga ta sha a watan jiya a gaya wa likita, ba abin tayar da hankali ba ne. Amma kar ta ƙara ko ɗaya, kuma gobe da safe a je a duba, a ga ko cikin ya zauna inda ya kamata.

"In kuma aka ce babu fa, Mama?" in ji Amarya. "Kamar wancan karon. Ga ki a kwance."

"Wancan karon... ba mu gwada ba. Buri muka yi. Laifina ne, ni da na san aiki." Ta laluba ta kamo hannunta mai kumfa. "Kin ɓoye min don kar in yi murnar banza. Ni kuma tun Talata nake murna a ɓoye... don kar in tsorata ki. Dubi wauta."

Ta ce wa Injiniya ya sauko da kalandar. Ya ɗora ta a gwiwarsa ya riƙe mata, ya tsinke zaren biron ya sa mata a hannu. Ta nemo jan zagaye na ƙarshe, sha biyu ga Mayu. Ta yi lissafin da ta yi wa dubban mata: a ƙara kwana bakwai, a koma baya wata uku. Ta sa ya riƙa buɗe shafuka, Agusta, Satumba, har Disamba. Kalandar ta ƙare, ranar ba ta ciki.

"Juya bayanta," in ji ta.

A farin bayan shafin ƙarshe ta rubuta 19 Fabrairu. Rubutun ya karkace, biron ya suɓuce sau biyu, ya mayar mata. Ta zagaye shi, zagayen bai haɗu ba. Ta mayar da kai kan filo, ta ce da Amarya hular nan da safar suna ƙasan kabad a cikin leda, ba ta taɓa zubar da su ba.

'Yar ƙanwar ta iso da yamma. Da safiyar Asabar Amarya ta so ta fasa tafiya, ganin yadda jikin Sista ya ƙara sanyi. Sista ba ta iya magana sosai, amma ta ɗaga yatsa ta nuna ƙofa, ta sake nunawa. Da suka juya za su fita, leɓunanta suka motsa. Injiniya ya sunkuya ya kai kunne.

"Ka riƙe wa... Maman wani... lema."

Layin asibiti ya yi tsawo. Sai wajen sha ɗaya aka kira su. Amarya ta kwanta ta juya fuska bango, ta ƙi kallon allon. Injiniya ne ya kalla. Bai gane komai ba, duhu ne da toka-toka, sai da ma'aikaciyar ta nuna masa wani ɗan ɗigo da ke ƙyaftawa da sauri, ta ce ga zuciyar nan, kuma ya zauna daidai. Ya saurara da idonsa yadda yake sauraron inji. Bugun ba ya tsallake.

A mota Amarya ta riƙe hoton cikin da aka ba su da hannu biyu, tana ta ce wa direba ya yi sauri, sannan ta ce ya bi a hankali.

Tun daga ƙofar gida suka ga takalma. Sun yi yawa a bakin ɗakin Sista, na mata da na maza, wasu ruwa ya taru a cikinsu. 'Yar ƙanwar ta fito ta tare su. Ta ce wajen ƙarfe goma ne Sista ta cika, ba ta wahala ba. Sau biyu ta tambaya ko ruwan ya ɗauke, kuma ta ce a bar ƙofa a buɗe.

Amarya ta shiga ta durƙusa a gefen gadon. Ta daɗe a nan. Da ta fito, hoton ba ya hannunta, Injiniya kuma bai tambaya ba.

Bayan kwana uku aka kwashe kayan ɗakin. 'Yar ƙanwar ta ce su ɗauki duk abin da suke so. Suka ɗauki ledar da ke ƙasan kabad, da kalandar. Injiniya ya kafa ƙusa a saman keken ɗinki ya rataye ta a juye, watannin suna kallon bango, farin bayan yana kallon ɗaki. Ya nemi sabon zare a durowa ya ɗaure jan biron.

A wannan makon ya rasa aikin kwana huɗu, da ƙwaya uku daga kwalin da ba a sake buɗewa ba, da lema ɗaya da ya manta a kan bencin asibiti. Amarya ta rasa hoto ɗaya, da sunan da ta yi shekara takwas tana amsawa. Gidan mai ɗaki tara ya rasa mutum ɗaya.